Bushiya da Tsaikon Gara

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta taho mu saurara.

Damina ta ƙarato, ɗakin Bushiya ba rufi. Gara kuwa tana sayar da ɗaurarren tsaiko, ɗorawa kawai za a yi.

Gara ta ce, "Saya ki huta, ƙawata. Kurege ma duk shekara wurina yake saye."

Bushiya ta ce, "Duk shekara? Me ke cinye na bara?"

Gara ta shiga share baki.

Bushiya ta ce, "Zan ɗaura nawa, ko ruwa zai dake ni."

Ruwa ya dake ta kuwa, amma ta gama. Da shekara ta zagayo, rufin Kurege ya rufta, ya zo fakewa wurin Bushiya yana cewa ɗakin nata a karkace yake.

Ta ce, "A karkace, amma ba tuwon kowa ba ne."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu.