Ƙafar Korau a Layin Takalma

Dalilin da ya sa takalma ne ke bin layi a asibitin garin nan, masu su na zaune a inuwa, har ma'aikaci ya zo da sanda yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Da mutum a ciki?", ba komai ba ne illa ƙafar Korau mahauci. Ku matso, yara, ku daina mintsinin juna, in gaya muku yadda aka yi.

A da can babu asibiti a nan. Mai zazzaɓi a dafa masa ganye ya yi surace, mai karaya a kai shi wurin maɗori, wanda kuma wani wuri ya kumbura masa, to, sai Bube wanzami. Bube yana da wani ƙarfe mai tsini da yake sawa a wuta har ya yi jawur, sannan ya huda kumburin da shi. Sakiya ke nan. Tana warkarwa, babu musu, amma ihun wanda ake yi wa har makiyaya a bakin rafi suke ji.

Ana nan sai aka gina asibiti, ɗaki biyu rak, da daɓen siminti. Aka turo malamin asibiti, Malam Zakari, mutum mai haƙuri, sai dai idonsa ba ya gani sosai, ko da tabarau a fuskarsa.

Ranar da aka buɗe, mutane suka ga daɓen yana sheƙi, suka ce wannan wuri ba a taka shi da takalmi. Kowa ya tuɓe nasa a bakin ƙofa kamar yadda ake yi a zauren hakimi. To, amma wa zai fara shiga? Wannan ya ce ba zai riga yayansa ba, wancan ya ce ga surukinsa nan, Allah ya tsare shi da wuce gabansa. Suka koma gindin ɗorawa suna ta "Bismillah, kai ne babba," "A'a, bismillah dai," har rana ta take tsaka. Malam Zakari ya gaji da jira, ya fito, ya ɗaga takalmin da ke gaba ya ce, "Mai wannan ya shigo." Shi ke nan aka huta, don takalmi ba shi da suruki, ba ya jin kunyar kowa.

To, shi Korau ƙato ne, shi kaɗai yake kayar da bijimin sa a mayanka. Tun da aka haife shi bai taɓa sa takalmi ba, har yana cika baki wai takalmi na ragwaye ne. Tafin ƙafarsa ya yi kauri, faso ya tsattsaga shi. Ta cikin fason nan ne wata ƙayar aduwa ta samu hanya ta shige, ƙafa ta kumbura ta zama kamar kabewa.

Ran Litinin matarsa Delu ta dawo daga unguwa ta ce, "Maigida, na gaya wa Bube. Ranar Juma'a da hantsi zai zo da ƙarfensa."

Korau ya zabura. Mutumin da wuƙa ba ta rabuwa da hannunsa, wallahi babu abin da yake tsoro a duniya kamar ƙarfen nan. Ya ce, "Wa ya aike ki?"

"Nishinka ne ya aike ni. Kwana biyar ko kaji ba ka bari sun runtsa ba."

"Asibiti zan je."

"Ka je mana. In ba su warkar da kai kafin Juma'a ba, Bube na nan."

Ran Talata ya hau jaki ya tafi. Ya zauna gindin ɗorawa, aka yi ta ɗaga takalma ana kiran masu su, shi kuwa ba shi da abin ajiyewa. Ya buɗe baki zai ce, "Malam, ni fa?" sai ya hango Baba Shekarau, uban Delu, wanda kullum yake zuwa karɓar maganin tari. Ina Korau zai ɗaga murya a gaban surukinsa? Ya haɗiye maganarsa, ya sunkuyar da kai har aka rufe ƙofa.

Ran Laraba ya lallashi Delu ta raka shi, ya ari takalminta ya sa a layi. Da aka zo kansa, Malam Zakari ya ɗaga shi ya ce, "Mai wannan."

Korau ya duba, takalmin mata ne ja, ga suruki a zaune. Ya kau da kai kamar bai ji ba. Matan wurin kuwa suka ce, "Ai na Delu ne! Delu, tashi, ke ake kira!"

"Ni lafiyata ƙalau!"

"Haka kowa ke cewa in ya ji tsoron allura."

Suka tura ta ciki. Ta fito tana ɗingishi, hannu a ƙugu, ta harari mijinta ta ce, "Zan ce wa Bube ya ƙara gawayi."

Daga ranar babu mai ba da aron takalminsa, ko ga ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya. Korau ya aika wa baduku ya ɗinka masa ko da wari ɗaya ne, baduku ya ce aiki ya yi masa yawa tun da aka buɗe asibiti, sai Asabar. Asabar! Korau ya zauna ya yi tagumi, har da 'yar ƙwalla.

Ran Alhamis, rana ta ƙarshe, ya riga kowa zuwa. Ya kwanta rigingine a bakin ƙofa, ya ja tabarma ya lulluɓe jikinsa duka, ya bar ƙafar kaɗai a waje, a gaban layi. A ganinsa ya yi dabara: suruki ba zai gan shi ba, malam kuma dole ya ga ƙafar. Mutane suka zo, suka ɗauka wani matafiyi ne ke barci, suka jera takalmansu a bayan ƙafar suka tafi inuwa.

Malam Zakari ya fito, ya sunkuya, ya kama abin da ke gaba. Ya ji nauyi. Ya gyara tabarau ya ce, "Wane baduku ne ya yi wannan ɓarna? Fata duk ta tsage, ga wari, har da yatsu ya ɗinka masa!"

Korau a ƙarƙashin tabarma ya cije leɓe.

Malam ya ja, abu ya ƙi tasowa. "Kai, wa ya kafe takalminsa da ƙusa?" Ya sa hannu biyu, ya matse iya ƙarfinsa, ya fizga. Kumburi ya fashe ɓus, ƙaya ta yi tsalle ta fito, Korau ya kurma wani ihu da ko Bube bai taɓa jin irinsa ba.

"Takalmi ya yi magana!" in ji Malam Zakari. Kafin a ce me, yana kan reshen ɗorawa. Marasa lafiya suka watse. Baba Shekarau mai tari shi ya riga kowa isa kasuwa.

Korau ya yaye tabarma ya rarrafa gindin itacen. "Malam, sauko don Allah, ni ne Korau."

"Korau ne, ko takalmin Korau?"

"Malam, ai da ina da takalmi da duk wannan bai faru ba."

Sai da dattawa suka dawo suka yi ta ba Malam Zakari haƙuri. Ya ce zai sauko, amma da sharaɗi: ba zai ƙara taɓa takalmin kowa da hannu ba, a nemo masa sanda doguwa, kuma sai ya tambaya tukuna. Aka ce an yarda. Ya sauko, ya wanke ƙafar Korau, ya sa magani, ya naɗe ta da farin ƙyalle.

Ran Juma'a da hantsi Bube ya iso, ya hura wuta a ƙofar gida, ƙarfe ya yi jawur. Korau ya fito da ƙafarsa, ta saɓe sarai. Bube ya dubi ƙafa, ya dubi ƙarfe, ransa ya ɓaci.

Korau ya ce, "Kada wutarka ta tafi a banza, Bube. Delu, miƙo naman nan mu gasa."

Shi ya sa har yau, ko da asibitin ya zama bene mai likitoci da na'urori, takalma ne ke bin layi, kuma duk ma'aikacin da aka kawo sai an damƙa masa sanda. Ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Da mutum a ciki?" Kuma in kun lura, yara, ba ya wucewa nan take. Sai ya ɗan ja da baya, ya jira ko za a amsa.