Laimar da Ta Fi Rigar Halifa Ja

Makarimu marini ne a unguwar marina ta garin Fusɗaɗu, kusa da Alƙahira, kuma yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ya sata, ba ya shan abin da Allah ya hana, ba a taɓa jin ya ci amanar zanen wani ba. Aibinsa guda ne: ba ya iya jin an yabi ƙaninsa Futuhu ya zauna lafiya. Ni ce autarsu, kuma yanzu duk su biyun suna ƙasa. Ban yi karatu mai nisa ba, abin da na gani da wanda Makarimu ya gaya mini da bakinsa daga baya shi zan faɗa.

Tun suna yara abin yake. In mahaifiyarmu ta raba gurasa, Makarimu ba ya duban tasa, ta hannun Futuhu yake aunawa da ido. Da suka girma a gindin tukwanen mahaifinmu, sai ya zamana Makarimu ya fi sanin haɗin ruwan rini, Futuhu kuwa ya fi hannun juya alharini har launi ya kama shi bai ɗaya, babu dabbare. Mahaifinmu yakan ce su biyun marini ɗaya ne Allah ya raba shi gida biyu. Futuhu yakan yi dariya. Makarimu kuwa sai ya tsuke fuska.

Gidanmu ne ke rina kayan fitar Halifa. Kowa a Masar ya san ƙa'idar: duk ranar da Halifa zai fito, laimar da ake riƙe masa bisa kai dole launinta ya zama na rigarsa sak. Don haka tun kaka da kakanni alharinin riga da na laima tukunya ɗaya ake tsoma su, rana ɗaya. Daga nan na riga ya tafi gidan maɗinka, na laima ya tafi wurin masu ɗaura shi a kan sandunansa. Ba sa sake haɗuwa sai a jikin Halifa. Ba wanda yake gwada su, domin kowa ya amince da tukunya.

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, kogin Nilu ya fara tasowa da wuri, aka soma shirin ranar da Halifa ke fita fasa madatsar ruwa. Sai ga Raihanu, mai kula da taskar tufafin fada, ya iso gidanmu a kan alfadarinsa. Ya yi ta'aziyya, ya sha ruwa, sa'annan ya ce bana ja ake so, ja irin na 'ya'yan rumman. Ya miƙa wa Futuhu alharinin riga, ya miƙa wa Makarimu na laima, ya ce a fada sunan Futuhu aka sa a matsayin mai amsa aikin, tun da marigayi ya sha yabon hannunsa.

Makarimu ya durƙusa ya karɓa, ya yi godiya. Bayan alfadari ya sha kwana ya juyo ya dubi ƙaninsa.

"To, sarkin marina, barka da sarauta. Mu kuma an bar mu da aikin inuwa."

"Haba Yaya," in ji Futuhu, "ai laima ce a sama. Ni tawa ma a ƙarƙashin taka za ta zauna."

Da wasa ya faɗa. Makarimu bai ɗauke ta wasa ba. Ya kwana ya tashi da maganar a ransa. Ya riƙa tuna cewa shi ne ya fara shiga marina, shi ne ya goya Futuhu a bayansa zuwa bakin kogi, shi ya koya masa bambance ruwan da ya nuna da wanda bai nuna ba. Yanzu a ce in an yi zancen gidan a fada sunan yaron nan za a ambata? Abinci ma ya daina yi masa daɗi. In na kai masa wake da kifi sai ya ture akushin ya ce a kai wa mai fada.

Fada ta aiko da ƙirmizi, waɗannan busassun ƙwarin da ake kawowa daga ƙasashe masu nisa, su ne ke ba da jan da sarakuna ke sawa. Haɗin ruwa aikin Makarimu ne, don haka hannunsa aka damƙa jakar. Ya zauna ya tsince manya masu ƙiba ya ɓoye a ɗakinsa, ya daka ragowar ya zuba a babbar tukunya.

Ranar rini Futuhu ya tsoma sanda ya ɗaga, ya dubi ruwan yana ɗiga. Ya ce kamar bai yi kaurin na Baba ba.

"Kai da hannunka ya kai kunnen Halifa," in ji Makarimu, "ai hannun sai ya cika sauran. Ko ruwan ma zan bar maka ka haɗa?"

Futuhu ya ba shi haƙuri, ya ce wane shi ya koya wa Yaya haɗi. Suka tsoma alharinin biyu tare kamar yadda aka saba. Suka fito da ja mai kyau, wanda in shi kaɗai ka gani ba za ka ce komai ba. Makarimu ya ɗauki na laima ya ce zai shanya a soron gidansa don iska ta fi kaɗawa a can. Can ya hura wuta, ya dafa ƙirmizin da ya ɓoye, ya sake tsoma alharinin, ya kuma tsomawa, har ya fito da wani ja da shi kansa sai da ya ja da baya yana kallo. Ya gaya mini cewa a lokacin bai yi tunanin Halifa ba ko kaɗan. Abin da yake gani kawai shi ne jama'a sun ɗaga kai suna tambayar wa ya rina wannan.

Halifanmu na wancan lokaci saurayi ne, bai daɗe da hawa ba. A kasuwa ana raɗe-raɗin cewa Waziri ne ke juya ƙasa, shi kuwa Halifa hatimi kawai yake bugawa. Maganar ta kai kunnensa, kuma tana cinsa. Ga shi wanda aka ba riƙon laima a shekarar surukin Waziri ne.

Ranar fita muka tafi tun da hantsi muka sami wuri a gefen hanya, ni da Makarimu. Futuhu yana can gaba tare da ma'aikatan fada. Rana ta take. Da Halifa ya ɓullo daga ƙofar Alƙahira sai hasken ya bugi laimar nan ta kama ci kamar garwashi. A ƙarƙashinta kuwa, cikin inuwa, rigar Halifa ta zama kamar tsohon zanen da ya sha wanki. Sai wata mai tallan kifi a bayanmu ta ce wa ƙawarta, "Ke, yau laima ce ta fito shan iska, ta taho da Halifa ya raka ta." Wani mai sayar da ruwa ya amsa mata, "Iya, ai dama na sama shi ke da gari." Dariya ta bi layi kamar wutar kara. Kafin a kai madatsa maganar ta riga dawaki isa.

Na dubi Makarimu. Murmushi yake yi.

Ba a yi la'asar ba dakaru suka zo suka tafi da Futuhu. Halifa ya ɗauka da gangan aka yi, mutanen Waziri ne suka sayi marini don a nuna wa duniya wa ke sama. Shi kuma Waziri, don ya wanke kansa, ya fi kowa ɗaga murya a hukunta. Aka tambayi Futuhu wa ya sa shi. Ya ce ba kowa. Aka tambaye shi ko wani ya taɓa alharinin bayansa. Ya ce tukunya ɗaya ce, hannu ɗaya ne, nasa ne, riga da laima duka. Aka yi masa bulala har ya daina amsawa, aka jefa shi kurkuku.

Na je wa Makarimu ina kuka. Na ce Yaya, kai ka shanya laimar nan, ka san abin da ya faru, ka je ka yi magana. Ya ce in kwantar da hankalina, 'yan kwanaki za su riƙe shi su sake shi, kuma yaro in ya ɗanɗana zai san fada ba wurin wasa ba ne. Na koma washegari, ya ce yana neman wanda zai shigar da shi wurin Raihanu. Na sake komawa, ya ce ciki ke damunsa. Ni ce nake kai wa Futuhu abinci, ina ganin bayansa yana ruɓewa, zazzaɓi yana cinsa.

Abin da hawayena suka kasa, kasuwa ce ta yi shi. Wata safiya Makarimu yana zaune a rumfar wanzami ana yi masa aski, sai hira ta faɗa kan laima. Wani tsohon marini ya ce a bar zancen laifi, shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin ja irin wannan ba, kuma Futuhu ko ya mutu a kurkuku ya bar suna. Wanzamin ya ce ai dama ana faɗa, duk gidan shi kaɗai ya gaji uban. Ya leƙo fuskar Makarimu ya ce, "Ko ba haka ba, Malam? Kai ne shaida, kana riƙe masa sanda."

Makarimu ya tashi da rabin aski a kansa. Bai tsaya gida ba, bai nemi mai shigar da shi ba, ya miƙe har ƙofar taskar tufafi ya ce lallai sai ya ga Raihanu. Ya sha rantse mini daga baya cewa yana so ya ce ceton ɗan'uwansa ne ya kai shi, amma ba zai yi wa Allah ƙarya ba.

"Ranka ya daɗe, laimar nan ni na rina ta. Ni kaɗai, a tukunyata, a soron gidana. Futuhu bai san yadda ake fitar da jan nan ba, ko zai shekara yana juyawa."

Raihanu ya dube shi. Sa'annan ya ce, "Ashe kai ne? Da ka zo jiya da ka same shi. Da asuba ya cika. Yanzu nake shirin aika muku ku zo ku ɗauka."

Aka kai maganar gaban Halifa. An ce a nan ya gane babu hannun Waziri a ciki, babu makirci, rikicin wa da ƙani ne kawai, kuma ya sa an kashe wanda bai ci ba bai sha ba. Bai ce a taɓa Makarimu ba. Ya ce jinin gida ɗaya ya isa. Amma ya karɓe aikin fada daga gidanmu har abada, ya kuma yi umarni kada hannun Makarimu ya sake taɓa ja ko wani launi mai haske. Baƙi kaɗai aka bar masa, wanda a garinmu ba mai sawa sai masu makoki.

Bayan an dawo daga maƙabarta na same shi zaune a gindin babbar tukunya. Akwai saƙon da nake riƙe da shi tun zuwana na ƙarshe kurkuku, na so in haɗiye shi don haushi, amma amana ce. Na ce masa Futuhu ya san komai tun ranar rini, tun da ya ɗaga sandar nan. Ya ce in gaya maka kada ka zo fada, kana da 'ya'ya. Ya kuma ce in gaya maka ya ga laimar da idonsa, bai taɓa ganin ja irin naka ba, ko Baba bai kai ka ba, kuma da ka taɓa tambayarsa da tuni ya faɗa maka ka fi shi.

Makarimu bai yi kuka ba a lokacin. Ya sa hannu biyu ya riƙe bakin tukunyar, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka yana rina baƙi, matan da mazajensu suka mutu su ne masu kawo masa aiki. Bara ya bi ƙaninsa. Har ya koma ga Allah, duk wanda ya tambaye shi wa ya fi iya rini a gidanmu, sai ya ce Futuhu.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Mutane suna cewa hassada ga mai rabo taki ce, amma ni na ga inda ta zama wuta, ta ci mai rabon, ta ci mai yin ta, ta ci gidan da ya haife su. Mai hassada ba ya ganin abin da Allah ya ba shi, don idonsa yana hannun wani, har ya rasa nasa bai sami na wanin ba. Haka kuma mai mulki in kishi ya shiga ransa, sai ya ga maƙiyi inda babu, ya yanke hukuncin da nadama ba ta mayar da shi. In Allah ya ɗaga ɗan'uwanka, ka taya shi murna tun yana raye yana jin ka, domin yabon da ka hana shi da rai ba ya isa kabari.