Mai Haƙar Kabari da Ƙwaryar Kunu

An yi wani mutum a wani gari, can zamanin da, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Sana'arsa haƙar kabari, kuma shi ke shiga ciki ya karɓi gawa. Ku saurara, ku na baya ku bar hirar nan haka!

A cikin ramin nan Nomau ya lura da wani abu. Tsohon mai hali yakan zo da tsokarsa. Tsohon talaka kuwa, wanda bai ma kai shi shekaru ba, sai ka ji shi sakayau kamar karan dawa. Abin ya tsaya masa a rai.

To akwai wani tsohon ɗan dako, Baba Cindo, wanda kayan mutanen garin suka lanƙwasa masa baya. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ga yunwa, ba mai leƙa shi. Ana haka sai attajirin unguwa ya yi mura. Mura fa, jama'a! Takalma suka cika ƙofar gidansa, wannan da zuma, wancan da kaza.

Nomau ya sa matarsa ta dama kunu, ya kai wa Cindo. Kashegari ma haka, kullum haka. Sai gari ya ɗauka: "Mai haƙar kabari ya fara zagayen Cindo, awon tsawonsa yake yi!" Har matarsa aka daina amsa wa gaisuwa.

Mai unguwa ya kira shi gaban dattawa, ya ce, "Nomau, kana tsorata mutane. Ka jira a kira ka mana."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na jira, haƙa za a kira ni in yi. Wallahi na gaji da karɓar tsofaffi marasa nauyi. In akwai mai kai masa kunun, yau na daina."

Ko mutum ɗaya bai ce "ni" ba.

Nomau ya ci gaba da kai kunun, yana shan baƙar magana, har Cindo ya miƙe, ya ƙara shekaru. Ranar da ajalinsa ya zo, Nomau ya karɓe shi, ya ji nauyi a hannu. Ya ce "Alhamdulillahi," hawaye na zuba.

To ku fa? Haba jama'a! Jana'iza ba ta wuce ku, amma dubiya sai gidan masu hali. Ajali na Allah ne, amma yunwar tsohon maƙwabcinka kai za a tambaya. Kowa a nan ya san Cindon unguwarsu. Ku ɗauki ƙwarya ku kai masa yau, tun kafin ku ɗauki makararsa.