Gizo-gizon Kan Wayar Lantarki

Akwai wani ɗan acaɓa a tsibirin Negros mai suna Wilfredo. Irin mutumin nan ne da in ka ce masa ruwa ake yi, sai ya ce a'a, yayyafi ne.

Yayansa Crisanto mai saran rake ne, shiru-shiru. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci, mazan ƙauyen kan taru a gindin mangwaro su haɗa gizo-gizo faɗa. Kowa da nasa a kwalin ashana. A ɗora biyu a kan tsinken tsintsiya, wanda ya naɗe ɗan'uwansa da zare shi ya ci. Mai riƙe tsinken kuwa sai ya riƙa sauya hannu, don kada su hau masa yatsu.

Sau huɗu a jere gizon da Crisanto ya kamo a gonar rake yana naɗe na Wilfredo.

"Yaya, daina wannan murmushin," in ji Wilfredo. "Na gona ai bagidaje ne irinka. Bari in sauko da na kan wayar lantarki, ka ga yadda ake faɗa."

"Na gona ya fi ƙarfin ƙafa. Wancan kuma ka bar shi inda yake, ba ka ga an kwana ana ruwa ba?"

"Au, tsoro ka ji? To je ka ɓuya a bayan matarka."

Aka fashe da dariya, dariyar kuwa ta ƙara zuga shi. Ya saro ɗanyen gora mai tsawo, jiƙe sharkaf, ya miƙa shi sama wajen wayar.

Ƙara ɗaya aka ji, wutar lantarki ta ja Wilfredo.

Ya rayu, amma a asibiti aka yanke masa hannun dama daga gwiwa. Da wannan hannun yake murza babur ya ciyar da 'ya'ya uku.

Da ya dawo gida bai yi kuka ba, bai kuma yi faɗa ba. Yana zaune a baranda, a ajiye masa shinkafa da busasshen kifi, ya ci ko ya bari. Crisanto ne ke kawo shinkafar. Ko sau ɗaya bai ce "ai na gaya maka" ba.

Bayan sati uku Wilfredo ya yi magana.

"Yaya, gizon ya faɗo kuwa?"

"Ya faɗo. Yana wurina, ƙwari nake ba shi."

"Kawo su duka biyun, shi da naka na gona. Ina so in san me na saya da hannuna."

Crisanto ya kawo. Wilfredo ya miƙa hannun hagu zai karɓi tsinken, sai ya tuna babu na sauyawa. Ya mayar da hannun kan cinyarsa. Yayansa ya riƙe.

Na gona da na waya suka tako, suka taɓa juna da ƙafa. Sai kowanne ya juya, ya saki zare, ya sauka ƙasa ya shige ciyawa.

Wilfredo ya daɗe yana kallon tsinken.

"Ashe su ba su da gardama," ya ce. "Ni kaɗai ne."

Darasi: Ba kowace gardama ce sai ka ci ba. In wanda ke ƙaunarka ya ce ka bari, ka bari, domin masu dariya ba za su ciyar da iyalinka ba. Ku tura wa wani mai taurin kai tun hannuwansa biyu suna nan.