Motar da Aka Ɗaga Domin Kada Ta Ɗauki Gawa

An yi wani mutum a Kano, mai fataucin ƙiraga, yana sayo su daga kasuwannin ƙauye yana kai wa kamfanonin jima na Chalawa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin yana da iyali, kuma izina ake nema da labarinsa, ba tonon asiri ba.

Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi mota a-kori-kura mai ƙarfi, irin wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja, mai ratsa taɓo da yashi. Ranar da ya kawo ta, ya tsaya a masallacin bakin kamfani bayan sallar azahar, ya fuskanci Malam Mamman, dattijon da ke yi wa leburori limanci, ya ce, "Malam, ku shaida. Duk baƙon da ya rasu a unguwar nan, motar nan ce za ta kai shi makwancinsa." Babu wanda ya roƙe shi. Shi ya faɗa da bakinsa, jama'a suka yi masa addu'a.

Ya 'yan uwa, ku san nauyin wannan alkawari. Yawancin leburorin nan baƙi ne daga ƙauyukan Jigawa da Nijar, suna haya mutum huɗu ko biyar a ɗaki guda, ba dangi kusa. Maƙabartar da ake binne su tana can bayan kamfanoni, kuma da damina hanyarta takan cika da taɓo da gurɓataccen ruwan jima, ƙaramar mota ba ta iya bi. Saboda haka idan aka yi rasuwa, ƙofarsa ake bugawa.

Shekara uku yana cika alkawari. Sannan arziki ya ƙaru, ya fara zama da manyan 'yan kasuwa a Bompai. Da sun hango motarsa sai su ce, "Ga mai motar gawa nan. Alhaji, yau wa aka kai?" Yakan yi dariya tare da su, amma maganar tana cin sa. Ya fara jin ƙyamar ƙamshin kafur da ke saura a bayan motar. Ya so ya janye, sai dai yana jin kunyar Malam Mamman, yana kuma tsoron bakin mutane. Kunyar Allah ce kaɗai ba ta zo masa ba.

Ana nan sai bayan motar ya fara zaunewa saboda nauyin kaya. Ya kai ta garejin wani bakanike a Sharaɗa, Idrisu, mutum mai gaskiya a sana'arsa. Idrisu ya shiga ƙarƙashinta ya duba, ya fito yana goge hannu.

Ya ce, "Alhaji, sifirin da ke riƙe nauyin bayan ya gaji, shokazoba ma ya mutu, ba ya shanye girgiza. Hanya biyu ce. Ko a canza su gaba ɗaya, mota ta koma daidai, ta ɗauki kaya ba jijjiga. Ko kuma a yi irin na samarin yanzu, a cusa guntayen ƙarfe a ɗaga ta sama, a sa manyan tayoyi. Ta biyun ado ce kawai, ciwon yana nan a ƙasa."

Mutumin ya dubi motar. Kuɗi ba su ne damuwarsa ba. Ya ce, "In an ɗaga ta, bayan zai kai ina?"

Idrisu ya aza hannu a ƙirjinsa. "Nan. Amma ku ji ni, ranka ya daɗe. Mota mai tsayi a kan mataccen sifirin, in ta shiga kwana da gudu, kifewa take yi. Ni da tawa ce, gyara zan yi."

Idon mutumin yana kan hannun da ke ƙirjin Idrisu. A zuciyarsa yana auna makara, yana auna kafaɗun tsofaffi. Ya ce, "A ɗaga ta. Ƙofar bayan ma a liƙe ta da walda, ƙiraga na zubewa a hanya."

Idrisu ya ce, "To, ai motarku ce."

Kun ga yadda Shaiɗan yake aiki? Bai ce masa ya karya alkawari ba. Cewa ya yi ya bar alkawarin a bakinsa, ya cire shi daga motar.

Da ya kai ta gida, matarsa Badi'a ta fito ta ɗaga kai ta dube ta, ta ce, "Alhaji, yaya su Malam Mamman za su hau wannan?" Ya ce, "Mai son hawa zai nemo tsani."

A cikin watan Agusta wani lebura mai suna Auwalu, mutumin Nijar, ya rasu bayan zazzaɓin kwana uku. Aka yi masa wanka, aka yi masa salla, ana yayyafi. Aka aika wa mai motar, ya zo da ita da kansa, ya fito ya ce, "Ga ta nan, bisimilla."

Mutum shida suka ɗaga makarar. Ƙofar baya ba ta buɗuwa, dole sai an tsallakar da makarar ta saman ƙarfe, sama da kafaɗa. Ƙasa tana santsi. Na gaba suka miƙa hannu iya tsayinsu, na baya suka kasa, makarar ta karkace, gawar ta zame cikin likkafaninta, kanta ya bugi ƙarfen mota. Ƙarar ba ta da ƙarfi, amma duk wanda ke wurin ya ji ta.

Aka yi salati. Malam Mamman ya ce, "Ku sauke shi." Ya gyara likkafanin da hannunsa, sannan ya dubi mai motar, ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Alhaji, mun gode. Za mu kai shi a kafaɗa."

Suka tattare wandunansu suka shiga taɓo. Mutumin bai bi su ba. Ya hau motarsa, kuma abin da ya ji a ransa sauƙi ne. Ya san daga ranar ba mai sake buga masa ƙofa.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ya fito zai tafi kasuwa, sai ya ga bayan motar ya sunkuya kamar an yi mata lodi. Ya leƙa, babu komai sai ruwan sama da ya taru. Ya tayar da ita, ya ji tana jan jiki irin na mota mai kaya. Duk ramin da ya faɗa, sai ya ji wani abu ya zame a baya ya bugi ƙarfe, sau ɗaya, a hankali.

Ya koma wurin Idrisu. Idrisu ya duba sama da ƙasa ya ce, "Ba abin da ya kwance, Alhaji. Mataccen sifirin ne, na faɗa muku. Ku bari a sauke ta a gyara." Ya ƙi. Yana ganin in ya sauke ta, kamar ya amsa laifinsa ne a gaban kowa.

Ya sa aka wanke ta da sabulu da fetur, aka fesa turare. Da rana ta yi zafi sai ƙamshin kafur ya taso. Ya tambayi Badi'a ko tana ji, ta ce ba ta jin komai sai warin fata.

Abin da ya fi tayar masa da hankali ya faru ne a hanyar Sharaɗa, rana tsaka. Yana wucewa ta gaban wata rumfar masu shayi, sai ya ga mutanen da ke zaune sun daina magana, sun miƙe tsaye, kamar yadda ake yi idan an zo wucewa da gawa. Wani tsoho ya ɗaga hannu, kuma ya karanta a leɓensa yana cewa, "Allah ya jiƙan Musulmi." Ya waiwaya, babu wata mota a bayansa.

Ya 'yan uwa, ban ce muku fatalwa ce ba. Mamaci ba ya dawowa, Auwalu yana inda Allah ya ajiye shi. Ko mutanen nan sun miƙe da gaske, ko shi kaɗai aka nuna wa, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, an yi masa gargaɗi kwana goma sha biyu, garejin Idrisu a buɗe, masallacin Malam Mamman a buɗe, bai shiga ko ɗaya da tuba ba.

Ranar Talata bayan la'asar, yana dawowa Chalawa da ƙiraga, ruwa ya sauko. Bugun ya fara a baya, wannan karon ba a kan rami ba, a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, yana matsowa kusa da inda yake zaune. Bai iya duba madubi ba. Ya taka mai, yana so ya isa cikin mutane. Ya shiga kwana da wannan gudun, motar ta ɗaga ƙafa biyu, ta kife cikin kwalbati.

An ciro shi da rai, amma ƙashin bayansa ya karye. Bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba.

Yana kwance ne ya tuba, ya yi kuka, ya roƙi Allah gafara. Sai wani malami da ya zo duba shi ya tuna masa cewa haƙƙin ɗan Adam sai an nemi yafewa wurin masu shi. Ya aika a kira Malam Mamman, aka ce ya koma garinsu, kamfanin ya sallami ma'aikatan wannan sashe, abokan ɗakin mamacin duk sun watse. Ya aika a nemo dangin Auwalu, aka tambaye shi sunan mahaifinsa da garinsu, bai sani ba. Ya ce ko kabarin a nuna wa nasa iyalin su yi addu'a a kai. Mai gadin maƙabarta ya ce ruwan bana ya shafe kaburburan gefen baƙi, ba zai iya rantsewa ga ko ɗaya ba. Har yau yana tambayar duk mutumin Nijar da ya shigo gidansa ko ya san wani Auwalu, kuma kowa yakan ce masa, "Wane Auwalun, Alhaji?"

Ya 'yan uwana maza da mata, ba laifi ba ne mutum ya ƙawata abin hawansa. Laifin yana cikin niyya. Mutumin nan bai taɓa cewa "na fasa" ba, ya dai shirya abubuwa yadda alherin ba zai yiwu ba, domin ya tsira da mutuncinsa a idon jama'a. Mu nawa ne muke yin haka? Mu nawa ne muka yi wa Allah alkawari muna cikin ƙunci, da ya yalwata mana sai muka nemi dabarar da za ta kuɓutar da mu? Wa muke yaudara? Wanda ya ji alkawarin yana ganin dabarar.

Idan akwai alherin da ka toshe, ka buɗe shi yau. Idan akwai wanda kika zalunta, ki neme shi tun kina sanin inda yake. Rahamar Allah tana da faɗi, ba mu yanke wa kowa ƙauna, amma mutane suna tafiya, kuma ba kullum ake samun su ba.

Allah ya ba bawan nan lafiya, ya karɓi tubansa, ya jiƙan Auwalu da sauran baƙin da ke kwance a ƙasarmu. Allah ya kiyaye mu daga girman kai da saɓa alkawari, ya sa ranar da za a ɗauke mu a ɗauke mu da mutunci. Amin.