Jarrabawar da Dada ta hana a ci

Akwai wani malamin elementare, Malam Nata'ala, da En'e, wato hukumar gargajiya, ta tura wani ƙauye kusa da Ketare a ƙasar Ƙanƙara, wajen 1950. Mutumin nan ya iya koyarwa, ba yabon baki ba. Yaransa har wasiƙa suke karanta wa mutanen gari.

Amma da an yi jarrabawar shiga makarantar Midil ta Katsina, sai a ce ba wanda ya ci. Shekara uku ana haka.

Rannan mai duba makarantu ya zo a kekensa, ko ruwa bai sha ba ya ce, "Malam, mu takarda muka sani. Bana in ba wanda ya ci, rufe makarantar za a yi, kai kuma ka nemi abin yi."

Ya miƙa masa takardar Harisu ta bara, yaron da ya fi kowa a aji. Bakwai a tara da biyar, Harisu ya rubuta tara. Malam ya san ko daga barci aka tashi yaron nan ba zai faɗi haka ba.

Da aka tashi Malam ya tsare yaron ya tambaye shi. Harisu ya sunkuyar da kai. "Malam, Dada ta ce in na ci ba ta yahe mini ba."

Dada kakarsa ce. Ashe ita da matan unguwa sun gama magana, kowace ta ja kunnen ɗanta ya faɗi da gangan, kada a tafi da shi birni.

Ran Malam ya ɓaci ƙwarai. Ya san in ya kai ƙara wurin dagaci za a ci mata mutunci a gaban jama'a, yara kuma su ƙara gudun makaranta. Sai ya haɗiye fushinsa, ya je gaishe ta. Ya same ta tana sussukar gero.

"Dada, me kike tsoro?"

"An ce in sun tahi can salla suke bari, su dawo suna raina iyayensu. Uban yaron nan ya rasu, shi kaɗai gare ni."

"Wa zai ba ki labari ki yarda?"

"Ƙanena Barau, ladan. Kai dai ban yarda da kai ba."

Malam ya yi dariya. Ranar kasuwa ya ɗauki Baba Barau suka hau motar Katsina. Tsohon ya wuni a makarantar yana leƙe-leƙe kamar mai neman ɓatacciyar akuya.

Da suka dawo ya ce mata, "Yaya, na bi su azahar, sahu uku. Har malamin Arabiyya gare su. Tuwonsu ne dai sai haƙuri."

Dada ta ci gaba da aikinta. Haka Malam ya yi wata biyu bai san matsayinsa ba, har ya fara tunanin komawa gona.

Aka yi jarrabawa. Bayan sati shida mai duba makarantu ya dawo da sakamako: yara huɗu sun ci, Harisu a gaba. Malam ya zauna a dakalin aji yana ta hamdala. Wallahi ranar ya ji kamar an sauke masa dami daga ka.

Mai dubawa ya ce, "Ka gani ko? Da na matsa maka ai ka gyara koyarwarka."

Dada na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da ya gyara. Yaron nan tun bara ya ci, ni ce na hwaɗi."

Darasi: Sakamakon jarrabawa yana nuna abin da aka rubuta ne, ba ya nuna dalilin rubuta shi. Kafin ka yanke wa yaro ko malami hukunci, ka yi haƙuri ka bincika. Ku tura wa iyaye da malaman da kuka sani su ma su karanta.