Ranar da Huzaifa Ya Sake wa Manhaja Sunaye

Akwai wani matashi a Batsari mai suna Huzaifa, gwanin rubuta manhajar kwamfuta. Gaskiya ya iya, kuma ya san ya iya, to nan matsalar take. In ya zauna gaban kwamfuta sai ka rantse shi ya ƙera ta.

Asalinsa ɗan wani ƙauye ne a bayan Ruma, dab da bakin daji. Can mahaifiyarsa take, can yayansa Hamma yake noma da kiwo tare da matarsa Ma'u. Hamma ne ya tsaya masa tsayin daka har ya yi karatu.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, wasu matasan Batsari da Safana suka haɗu suka yi wata manhaja ta taimakon jama'a. Aikinta ɗaya ne. In wani ya hango babura sun fito daga daji sai ya kira, wanda ke gaban kwamfuta ya danna sunan hanyar, nan take saƙo ya shiga wayoyin mutanen ƙauyukan da ke wannan hanya cewa su gudu. Ta ceci rayuka ba kaɗan ba.

Sai dai cikinta ya yi kaca-kaca. Hannaye da yawa sun taɓa ta, kowa ya rubuta nasa sashe sai ya raɗa masa sunan da ya zo bakinsa. Wannan "rugar_jinjiri", wancan "aika_na_mani", akwai ma wanda aka sa wa "kar_a_taba".

Ana nan sai wani kamfani a Abuja ya kira Huzaifa ganawar neman aiki, aka ce ya zo da abin da ya taɓa yi a gani. Ya buɗe manhajar, ya ga sunayen nan, ya ji kamar ya nutse.

Abokiyar aikinsa Nusaiba, 'yar Safana, wadda suka yi makaranta tare, tana gefe tana nata aikin.

Ya ce, "Malama Nusaiba, wannan ai abin kunya ne. Ina zan kai 'rugar_jinjiri' gaban mutanen Abuja? Yau zan sake sunayen nan kaf, in mai da su Turanci."

Ta ce, "Ban ƙi a gyara ba, ni ma haushi suke ba ni. Amma a bi a hankali. Ka sake ɗaya, mu sa dibaga ta bi shi, mu aika saƙon gwaji, mu kira ƙauyen mu ji ko ya shiga. Sannan mu wuce na gaba."

Dibaga, ga wanda bai sani ba, wata manhaja ce da ke bin rubutun layi-layi tana nuna inda abu ya karkace. Aiki da ita yana cin lokaci, kuma Huzaifa ba ya da haƙurin wannan.

"Haba Malama! Sai yaushe a gama? Jibi fa zan tafi."

"Malam Huzaifa, gobe kasuwa, hanyoyi cike suke da mutane. Ko don Allah ka bari ta watse."

Ya yi murmushin nan nasa na raini, ya ce to. Tana hawa motar Safana ya juyo kan kwamfuta, ya sake sunayen gaba ɗaya a zama guda. Kwamfuta ba ta yi ƙorafin komai ba. Rubutu ya fito fes, har hoto ya ɗauka ya tura wa abokai.

Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne, lambobin wayar mutane ba a cikin rubutun suke ba. Suna ajiye a wani wuri daban, kowane ƙauye ƙarƙashin tsohon sunan da aka sa masa a manhajar. Yanzu manhajar za ta je nema da sabon suna, ba ta tarar da kowa ba, ta dawo ta ce ta aika.

Washegari bayan azahar wani mai saran itace ya kira yana haki. Babura sun fito, sun ɗauki hanyar ƙauyen su Huzaifa. Huzaifan ne ma a gaban kwamfuta. Ya danna, allo ya nuna "An aika". Ya ce a ransa yanzu su Hamma sun shige gero. Wallahi ko yayansa bai kira ba, don ya yarda da aikin hannunsa fiye da kima.

A ƙauye kuwa babu wanda ya san abin da ke tafe. Mata na daka, yara na wasa, masu dawowa daga kasuwa na sauke kaya.

Sai ƙarar babura, sai harbi. Suka shigo ta gabas suna harbin duk abin da ya motsa. Wani dattijo da ke fitowa daga masallaci ya faɗi a bakin ƙofa, jini ya jiƙa tabarma. Suka cinna wa rumbuna wuta, suka sari wani magidanci da adda a gaban 'ya'yansa don ya ƙi sakin igiyar bijiminsa.

Ma'u ta suri jaririnta ta faɗa cikin gero, ta toshe masa baki da tafin hannu.

Hamma yana bakin tafki da shanu, daji na kusa da shi, da ya so da ya tsira. Amma ya tuna Inna ba ta iya gudu. Ya sheƙo gida cikin hayaƙi, ya ɗauke ta cak, ya tsallakar da ita danga. Yana ɗaga ƙafa zai bi ta harsashi ya same shi a baya. Ya riƙe dangar, suka ƙara masa, ya zube.

A Safana, Nusaiba ta ji labarin babura a bakin mutane, ta duba wayarta ba ta ga saƙo ba, alhali kowane saƙo sai ya shigo mata. Ta buɗe kwamfuta, ta sa dibaga, nan da nan ta ga inda manhajar ke dawowa hannu biyu. Ta mai da tsofaffin sunayen, ta aika wa ƙauyukan gaba, sannan ta kira Huzaifa.

"Huzaifa, me ka taɓa? Saƙonka bai je wa kowa ba!"

Bai san sa'adda ya hau babur ba. Ko da ya isa, maharan sun kora shanu sun tafi, rumbuna na ci, ana jera gawarwaki a gindin bishiya. Ya gane Hamma da rigarsa. Ya durƙusa, kuka ma ya ƙi zuwa.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Ma'u ta zo ta tsuguna gabansa, goye da jaririn, ƙafafunta duk ƙaya. Babu faɗa a muryarta, abin da ya fi kashe shi ke nan.

Ta ce, "Huzaifa, kullum yayanka sai ya ce in dai ƙanena na gaban kwamfutar nan, ba za a mamaye mu ba. Yau saƙon bai shigo ba. Sabis ne ya ɗauke, ko?"

Mutanen da ke wurin suka ce ai sabis ne, kullum haka yake yi. Da ya yi shiru da ya wuce a haka. Ya dubi Inna, ya dubi marayan da ke bayan Ma'u.

Ya ce, "Ba sabis ba ne, Yaya Ma'u. Ni ne."

Darasi: Duk abin da rayuwar mutane ta dogara a kai, kada ka gyara shi don a yaba maka. Ka taɓa shi a hankali, ka gwada kafin ka saki, ka saurari wanda ya ce ka dakata. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar jama'a, ko da ya fi kowa iyawa.